Citta da Gangamau a Bakin Ƙofa

Sunana Nomau. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai ɗan abin da na samu a makarantar allo, saboda haka wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi mini uzuri. Na haura shekara saba'in. Yanzu ina zaune a Isa, a ɗaki biyu da ɗana ya kama mana tun da zaman ƙauye ya gagara saboda masu bindiga. Gonakinmu suna can tsakanin nan da Sabon Birni, ciyawa ta cinye su. Ba ni da aikin yi sai tunani, tunanin kuwa wuri biyu yake zuwa. Na farko ɗakin kakata Tumba, inda na koyi dafa ruwan citta da gangamau, wanda wasu ke kira kurkum. Na biyu ɗiyata Hajo, wadda na yi ta ɗura wa ruwan nan har ta bar duniya tana da shekara tara. Za ni faɗi na farkon domin a gane na biyun.

Kaka Tumba ita ta haifi babana. Gajeruwa ce, da tsagen Gobirawa a kumatunta wanda tsufa ya nannaɗe har ba ka rabe tsaga da tamoji. Da damina ba ta barin wuta ta mutu a ɗakinta, saboda sauro da kuma danshin da ke shiga gwiwoyinta. Jinkar ɗakin ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. A saman murhun akwai wani ƙullin tsumma a rataye, a ciki take ajiye citta da gangamau don kada su yi fumfuna. Babana yana kai kaya kasuwannin Nijar a kan jakuna, kuma duk lokacin da ya haɗu da fataken kudu masu kayan yaji sai ya sayo mata rabonta. In ya manta, ranar ba ya cin tuwo da daɗi.

Mu jikokinta bakwai ne a gidan. Da an sallame lisha sai mu yi ɗakinta da gudu, ƙafafunmu duk taɓo. Ni take fara tarewa, don ni ne mijinta na wasa.

"Kai, mijin banza! Kullum hannu sake. Ko icce guda ba ka iya riƙo ma matarka ba? Gobe za ni kai ƙararka, a raba auren ga."

"Sai in auro yarinya mai haƙora," in ce da ita.

"Wa za ta ɗauke ka da wanga kai awa tulu? Zamna, kak ka taka min wuta."

Tun la'asar take jiƙa cittar, busasshiya, kamar yatsu biyu, don ta yi laushi. Gangamau rabin cittar take sawa, ta ce in ya yi yawa ruwan yana warin ƙasa. Takan daka su a ɗan turmin yaji tare da ƙwayar masoro uku ko huɗu, ta zuba a tukunyar ƙasa da ruwa ƙwarya guda, ta ajiye a gefen wuta, ba tsakiya ba. Nan zai yi ta tafasa a hankali har ruwan ya ragu. Sai ta tace da wani ƙyalle da a da fari ne, ta matsa tsamiya kaɗan, in akwai zuma ta ɗiga, in babu ta fasa mazarƙwaila. Ƙamshin yakan cika ɗakin ya danne na hayaƙi. Har yau in na ji shi sai in ji ƙarar ruwan sama a kan jinka.

Ludayi ɗaya kowa yake samu. Amma kafin ta miƙa maka sai ta ɗora bayan hannunta a goshinka. Haka take bin mu ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi. In goshinka da sanyi, ka sha. In ta ji zafi, ludayin ya tsallake ka, ko za ka yi kukan jini.

Ya taɓa tsallake ni. Ina da shekara bakwai ko takwas, na wuni ina jin kasala amma na ɓoye don kada a hana ni tatsuniya. Da hannunta ya sauka a goshina sai ta janye ludayin ta ba na kusa da ni.

"Kaka, ni hwa?"

"Kai naka ya wuce nan. Wanga na masu lahiya na."

Na yi ta kuka ina cewa ta fi son sauran. Ba ta lallashe ni ba. Da safe ta tsaya a ƙofar babana da sandarta, ta hana shi tafiya gona, sai da ya ɗora ni a jaki ya kai ni wurin malamin asibiti a Sabon Birni. Aka yi mini allura, na yi kwana biyu ina ɗingishi. Na daɗe ina riƙe da ita a zuciya. A ganina ta hana ni abu mai daɗi ta sa an soke ni da ƙarfe.

In kowa ya sha ya lashe baki, sai ta tura icce a wuta ta ce, "To, ku matso. Ga ta nan tahe da ƙahwahunta." Mu ce, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda ta fi maimaitawa da damina ita ce ta Citta da Gangamau. Ta ce abin ya faru a wani birni da ya riga Alkalawa, tsohon birnin Gobir, wanda yanzu ko kufansa ba a sani ba.

Birnin yana da ganuwa da ƙofa guda. Masu tsaron ƙofar wa da ƙanwa ne. Wan shi ne Citta, mai zafin zuciya, hannunsa duk yatsu. Ƙanwar ita ce Gangamau, ba ta da yawan magana, kullum tana cikin zane rawaya. Akwai wani tsoho mai yawo gari gari, sunansa Ciwo. Duk garin da ya kwana sai an yi makoki. Ya zo ƙofar birnin nan da siffar mai tallan gishiri, Gangamau ta leƙa kayansa ta gane shi, ta ƙyafta wa wanta ido, Citta ya ɗauke shi da mari har rawaninsa ya faɗa gulbi. Ya dawo da siffar makaho, aka mare shi. Ya dawo da siffar amarya a kan doki, aka mare shi. A nan Kaka takan tafa hannu tau! mu fashe da dariya, ni kuwa in ce, "Kaka, a sake marin!" Wani lokaci sai ta sake har sau biyar kafin in bar ta ta ci gaba.

Shekaru suka wuce ba wanda ya yi ko tari a birnin. A cikin garin akwai wata tsohuwa mai magani, wadda ta san yadda ake shiga ɗaki a fito da Ciwo in ya riga ya shiga. Mutane suka ce, mi za mu yi da wagga tsohuwa, tana cin hatsinmu a banza? Sarki ya sa aka ƙetare da ita gulbi. Da za ta shiga jirgi ta ce, "Ina nan tsallake. Ranar da kunka bukace ni, ku aiko ko yaro na, za ni zo."

Wata damina aka yi ruwa kwana bakwai, ganuwa ta zube ta baya, inda ba mai zuwa. Ciwo ya lallaɓa ta nan, ya wuce har gidan sarki, ya kwanta kusa da ɗiyar sarki. Da gari ya waye yarinya ba ta tashi ba. Sarki ya kira Citta da Gangamau ya ce su shiga su fito da shi. Suka ce, "Ranka shi daɗe, mu ƙohwa munka sani. Wanda ya riga yas shiga ɗaki, ba aikinmu na ba. A aika ma tsohuwa." Sarki ya tuna da bakinsa ya kore ta a gaban jama'a. Ya ce ba za a aika ba. Ya sa aka nemo dangin Citta goma da dangin Gangamau goma aka jera a ƙofa. Yarinya ta ƙara nauyi, ya ƙara ashirin. Ƙofa ta cika da masu tsaro har ba wurin wucewa, Ciwo kuwa yana ciki yana ci. Ya gama da ɗiyar sarki ya shiga ɗaki na gaba. Tsohuwa tana tsallake tana hango hayaƙin garin yana raguwa, murhu bayan murhu, har ranar da ba ta ga ko ɗaya ba. Citta da Gangamau kunya ta kama su, suka nutse cikin ƙasa. Shi ya sa har yau sai an tona ake samun su, kuma in ka dubi citta za ka ga yatsunsa a buɗe, yana nan yana tare ƙofa.

Wurin nan ba mai dariya. Wuta ta riga ta zama garwashi, ƙananan cikinmu sun lafe a jikin manya. Sai ta tambaye mu, "To, wa yak kashe garin?"

"Ciwo!"

"Haba. Ciwo aikinai shi kai. Ku sake tunani." Ba ta taɓa ba mu amsa ba. Sai ta ce, "Na sauke ta nan, mai so shi ɗauka. Ku tashi ku ba ni wuri, ƙahwahunku sun cika min ɗaki da wari."

Abin da ni na ɗauka shi ne marin. Na tashi da yarda cewa babu abin da ya fi ƙarfin citta da gangamau.

Kaka ta rasu shekarar da na auri Kulu. Ɗan turminta ni na gada, da yadda ake haɗin. Na riƙe abin da gaske, kowace damina da kowane sanyi sai na dafa wa gidana da kaina, har ana ce mini Nomau mai citta. Gaskiya kuma yana da amfani. Yaranmu ba su cika mura ba, suna cin abinci, cikinsu ba ya kumburi. Abu ɗaya na yar, taɓa goshin nan. Na ɗauke shi tsarabe-tsaraben tsofaffi. Sai cika baki ya shigo. A majalisar ƙofar masallaci, in wani ya ce ya kai ɗansa Isa an yi masa allura, sai in yi dariya in ce, "Ni ɗiyana biyar, ba wanda allura ta taɓa huda. Likitana yana cikin tukunya." Na faɗi wannan magana ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, a gaban mutanen da har yau wasunsu suna da rai.

Hajo ce ta uku a 'ya'yana. Ita ta fi kowa son aikin, ita ke daka mini gangamau, saboda haka tafin hannunta kullum rawaya ne, har ƙawayenta suna tsokanarta wai ta yi lallen da bai nuna ba. Tana da surutu, tana da wasa da ni kamar ba ubanta ba. In na ɗanɗana na ce ya yi, sai ta ce, "Baba, bai yi ba, rowar zuma kay yi."

Ƙarshen wata damina, muna tsakiyar yankan gero, zazzaɓi ya kama ta. Na dawo gona na same ta kwance a tabarma, ta ƙi tuwo. Na dafa na ba ta ludayi biyu. Washegari ta yi amai, na ce ciwon ne ke fita. Kwana na huɗu Kulu ta same ni ina ɗaure dami a bakin rumbu.

"Malam, zo ka dubi idon yarinyar ga."

Na je na duba. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Na kama hannunta na buɗe tafin, na nuna wa Kulu.

"Dubi nan, dubi can. Ba kala guda ba ta? Gangamau na yak kama jiki. Alamar shina aiki ke nan."

"Gangamau hannu shi ka rinawa, Malam. Shekara nawa muna sha, idon wa yat taɓa rinewa?"

"Da ludayi guda muka sha. Ita huɗu ta ka sha yanzu."

Na faɗi haka, na kuma ji daɗin amsar tawa. Na koma bakin rumbu.

Kwana na shida fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan jiƙon kanwa. Maƙwabta suka fara shigowa, wata tsohuwa ta ce ai wannan shawara ce. Wani ya ce in dai shawara ce kada a kuskura a kai ta asibiti, don shawara ba ta son allura. Ba za ni ɓuya a bayan mutumin nan ba. Wasu biyu sun ce a kai ta, har ɗaya ya ce ga amalankensa. Na zaɓi maganar da ta yi mini daɗi, domin in na ɗora Hajo a amalanke dole in bi ta ƙofar masallaci, a gaban majalisa. Tafiyar Isa daga garinmu ba ta kai rabin wuni ba. A lokacin hanya lafiya lau take, ba mai tare ka. Gero ya shigo, ba rashi ya hana ni ba.

Sai na ƙara citta. Yatsu biyu suka zama biyar. Na daina sa zuma, wai don ya fi ƙarfi. Ina tallafe kanta ina ɗura mata, tana kauda fuska.

"Baba, shina ƙona min ciki."

"Daure, uwata. Ƙonar ita ta maganin."

"In na shanye, ka bar ni in tai kallon ɗaurin gero?"

"Har bisa jaki za ni aza ki."

Ta shanye. Kullum tana shanyewa, don ni na ba ta.

Kwana na goma ta daina surutu. Tana barci da rana tsaka, in an tashe ta sai ta dube mu kamar baƙi. Ta kira uwarta da sunan wata ƙawarta. Washegari da hantsi Kulu ta goya ta, yarinya mai shekara tara, ƙafafunta suna reto har gwiwar uwar, ta yafa zane ta nufi ƙofa. Tun da muka yi aure ba ta taɓa fita ba sai da izinina. Sai a lokacin na ruga na nemo amalanken. Muka bi ta ƙofar masallaci. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tuna mini da maganata. Suka miƙe tsaye suna cewa Allah shi ba ta lahiya. Abin da na yi kwana da kwanaki ina tsoro ke nan.

A asibitin Isa wani malamin asibiti mai furfura ya karɓe mu. Ya ja fatar idonta ƙasa, ya danna cikinta ta dama, ta yi ƙara ba ta farka ba. Ya juyo gare ni da alƙalami a hannu.

"Kwana nawa tana haka?"

Kulu tana tsaye a gefena. Na ce, "Uku."

Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya sake dubana. Sai ya rubuta. Suka sa mata ƙarin ruwa, suka yi ta kai da kawo a kanta, ba abin da suka rage. Washegari bayan azahar ta cika. Da ake mata wanka, matan sun ce sun yi ta cuɗa tafin hannunta, rinin bai fita ba. Da shi aka rufe ta.

Mutane sun yi mini ta'aziyya da cewa kwananta ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Ban kuma sani ba ko da na kai ta da wuri za ta tashi, wannan sanin yana wurin Allah. Amma ni na san abin da ya tsayar da ni, kuma ba tawakkali ba ne. Sai bayan shekaru, ina kwance ina bin tatsuniyar Kaka daga farko, na lura cewa Citta da Gangamau ba su yaudari kowa ba. Da bakinsu suka ce aikin ya fi ƙarfinsu, a aika tsallake. Kaka, tsohuwar da ba ta san bihim ba, ta san iyakar abin da ke cikin tukunyarta, ta kuma yi ta nuna mana iyakar da bayan hannunta kowane dare. Ni na gaji turmin, na bar hannun. Har yanzu ina dafawa, jikokina suna sha, abu ne mai kyau ga mai lafiya. Duk wanda ya tambaye ni haɗin ina faɗa masa, amma sai ya zauna ya ji labarin Hajo tukuna. Wasu ba sa dawowa.

Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa wa kowa ba, amsar da na ba malamin asibiti. Kusan shekara talatin muna tare da Kulu bayan haka, ta haifa mini wasu biyu, mun yi gudun hijira tare, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban tayar ba. Daminar bara, wata ranar da hantsi, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faifai, yara duk sun fita. Na jawo kujera na zauna kusa da ita. Na dubi hannunta, na fara magana.

"Kulu, ranar nan a asibiti, da mutumin nan yat tambaye ni. Ƙarya niy yi. Ba kwana ukku na ba. Sha ɗaya na."

Ba ta ɗago ba. Ta fitar da wani ɗan dutse daga cikin waken ta jefar.

"Sha biyu."

Na ce a'a, na sha ƙirgawa, tun daga ranar da na dawo gona na same ta kwance.

"Kahin wannan ranar," in ji ta. "Na kai maka hura gona, nic ce maka jikin Hajo da zahi. Kac ce in ba ta ludayi biyu in an dahwa. Ba ka ko ɗago kai daga yankan ba."

Na nemi ranar nan a cikin kaina, na rasa. Har yau da nake rubutun nan ban same ta ba. Ina tuna geron shekarar, ina tuna dami nawa muka ɗaure, ina tuna jakin da ya kwaso su. Ranar da aka fara gaya mini ɗiyata ba ta da lafiya, ita ce babu.

Na ce, "Ki yahe min."

Ta ce, "Ni na daɗe da yahewa, Malam, in ba haka ba da ban zamna ba." Ta karkaɗa faifan, ta hure ƙaiƙayin. "Amma in za ka hwaɗa ma mutane, ka hwaɗi daidai."

Kwana goma sha biyu ne.